Wai me ya sa ake ta roƙo kada a rufe gidan maguna? Fashin baƙi

Kwanakin baya wani ya jefo hoton wata takarda a gurup ɗinmu na WhatsApp na 'yan Arewa mazauna garin da nake zaune a arewacin Ingila, takardar an manna ta ne a ƙofar wani kanti, ga hoton wata mage mai ido ɗaya, an rubuta cewa gidan ceton maguna na unguwar zai rufe in ba a samu kuɗi ba kafin hunturu ya fita. Toh kun dai san mutanenmu. Nan take aka fara ruwan sitika na dariya, wani yace ƙoshi ne ke damun Turawa, wani yace a kwaso su a kai masa garinsu suyi aikin ɓeraye kyauta ba sai an biya ko sisi ba, sai wani dattijo da muke ce wa Baba Alhaji yayi tambayar da ni a ganina ita ce tambayar gaske, yace ƙasa mai kuɗi irin wannan ina gwamnati take da har sai an yi bara, kuma in an rufe ɗin sai me, tunda mage dai ba ta rasa wurin kwana?

Ni ma da farko dariyar nayi, ba zan ɓoye ba. Amma daga baya na leƙa wurin, kuma abin ya fi ƙarfin yadda muka ɗauke shi.

Menene gidan ma tukuna

Ba gidan zu bane, ba kuma otal ɗin maguna bane inda masu kuɗi ke ajiye nasu in za su tafi hutu (wannan ma akwai shi, amma kasuwanci ne daban). Gidan ceto wuri ne da ake karɓar magen da ba ta da mai ita, ko wadda mai ita ya kasa riƙewa, a duba lafiyarta, a yi mata allura, a yi mata aikin hana haihuwa, sannan a nema mata sabon gida. Wato ana so ta shigo ta fita ne. Ranar da shigowa ta rinjayi fita, ranar matsala ta fara, kuma kusan duk labarin rufe irin wannan gida daga nan yake tasowa.

Magunan kansu ba iri ɗaya bane. Akwai ta gida wadda aka kawo saboda mai ita ya rasu ko an kai shi gidan tsofaffi ko aure ya mutu an rasa mai ɗauka. Akwai ɓatacciya wadda ta saba da mutane amma ta tsinci kanta a titi. Sai kuma wadda aka haifa a waje ba ta taɓa sanin hannun mutum ba, irin muzurun da muka sani, ita wannan ba a iya sa ta a ɗaki, sai dai a kama ta da tarko a yi mata aiki a ɗan yanke tsinin kunnenta ɗaya don a gane an gama da ita, a mayar da ita inda aka ɗauko ta, ko a kai ta gona ko bargar dawaki ta dinga farauta.

Akwai manyan ƙungiyoyi da kowa ya sani, RSPCA da aka kafa tun 1824, Battersea ta Landan tun 1860, da Cats Protection tun 1927. Su waɗannan suna da ofisoshi da lauyoyi, wasunsu har da shagunan gwanjo a garuruwa da dama. Amma waɗanda ake kukan rufewa galibi ƙanana ne, wata tsohuwa ce ta fara da mage biyu a garejinta shekaru ashirin da suka wuce, abu ya girma ya fi ƙarfinta. Wanda na je kusan haka yake. Abin da ya fara tarbata warin bilic ne, sai ƙarar injin wanki da aka ce min ba ya hutawa daga safe har dare saboda barguna, ga wani farin allo a bango an cika shi da sunayen mutanen da ke jiran layi a karɓi magunansu har rubutun ya sauka ƙasa an koma rubutawa a gefe a kaikaice. Rabin magunan ma ba a wurin suke ba, suna gidajen 'yan sa-kai ne a hannun riƙo, kamar dai yadda ake ba goggo riƙon yaro, sai dai nan gidan ceton ne ke biyan abinci da magani.

Gwamnati ba ruwanta da mage

Nan ne amsar Baba Alhaji take. A Ingila doka ta ɗora wa ƙaramar hukuma alhakin kwashe karnukan da ke yawo ba mai su, ta ajiye su kwana bakwai ko mai su zai zo. Mage kuwa babu wannan dokar a kanta sam. Ka kira kansul, wato ƙaramar hukumar, kace ga mage ta haihu a bayan shagonka, iyaka su ba ka lambar wata ƙungiyar agaji. Sannan asibitin kyauta da ƙasar ke tinƙaho dashi na mutane ne kawai, dabba duk abin da aka yi mata sai an biya, daga ganin likita har ƙwayar magani.

Abin da ke akwai shine dokar kula da dabbobi ta 2006, wadda tace duk wanda dabba ke hannunsa wajibi ne ya ba ta abinci da wurin zama da magani, in ya wulaƙanta ta ko ya yasar da ita ana iya gurfanar dashi. Kaga kenan dokar ta hana ka jefar da mage, amma bata tanadi inda zaka kai ta ba in ka gaza. Wannan ramin da ke tsakani shine ƙananan gidajen nan suka cike, da kuɗin sadaka.

Lissafin da ke karya su

Mu fara da ita magen. Tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, cikin sati tara ne kacal, ta kan haifi huɗu ko biyar a lokaci guda, kuma tana iya yin haka sau biyu ko uku a shekara. Ɗauki misali mage ɗaya ta haihu a watan Afrilu, cikin 'ya'yan biyu mata ne, kafin Satumba su ma sun isa ɗaukar ciki, kafin shekara ta ƙare uwa ta sake haihuwa 'ya'ya sun haihu. Shi ya sa daga bazara zuwa kaka masu wannan aikin basa barci. Wani bincike da Cats Protection ta fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa akwai maguna kusan dubu 250 marasa masu su a biranen Birtaniya kaɗai.

Sai korona ta zo ta dagula lissafin. Da aka kulle gari a Maris 2020 mutane na zaune a gida kaɗaici ya ishe su, aka yi ta ɗaukar dabbobi, a daidai lokacin kuma asibitocin dabbobi suka koma ganin na gaggawa kawai, aikin hana haihuwa aka ɗage shi. Dabbobi sun ƙaru, waɗanda aka yi wa aiki sun ragu. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, tsadar rayuwa ta shigo, a Oktoban 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin ɗari, rabon da a ga irin haka shekara 41. Kuma tsadar nan ta ɓangare uku take dukan gidan ceto lokaci guda, mai mage ya kasa ciyarwa ya kawo ta, wanda da zai zo ya ɗauka ya fasa don yana tsoron ɗawainiya, mai ba da sadaka duk wata ya duba akawun ɗinsa ya soke. Ga kuɗin wuta da gas, don jariran maguna in ba hita sanyin ƙasar nan kashe su yake.

Amma babban abin da ke cinye kuɗin shine likita. Hukumar da ke sa ido kan gasa a kasuwanni ta Birtaniya, CMA, ta buɗe cikakken bincike kan asibitocin dabbobi a 2024, bayan ta gano cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na asibitocin yanzu suna hannun manyan kamfanoni shida ne, alhali a 2013 kashi 10 ne kawai. A rahoton da ta fitar a Oktoban 2025 tace farashi ya tashi da kashi 63 cikin ɗari tsakanin 2016 da 2023. Abin da wannan adadin bai nuna ba shine a da likitan unguwa shi ke da asibitinsa, ya san tsohuwar nan mai maguna shekara da shekaru, zai yi mata ragi, zai ce bari sai ƙarshen wata kya biya. Yanzu wanda ke kan kanta ma'aikaci ne, farashi daga hedikwata yake zuwa a kwamfuta, ko yana so ba shi da ikon ɗaga ƙafa. Su ma likitocin suna da nasu bayanin, sun ce kayan aiki sun yi tsada, ma'aikata sun yi ƙaranci, kuma yanzu ana yi wa dabba gwaje-gwajen da a da mutum kaɗai ake yi wa. Akwai gaskiya a ciki, amma mai biya dai shi ke ji a jika.

Waɗanda ke da ma'aikata kuma albashi ya ƙaru, mafi ƙarancin albashi ya kai fam 12.21 a awa a Afrilun 2025.

Wani a gurup ɗin yace ai sayar da magunan suke yi, tunda in ka je ɗauka sai ka biya. Eh ana biya, amma ka lissafa abin da aka kashe kafin ta iso hannunka, allurar rigakafi zagaye biyu, maganin tsutsa da ƙuma, gwajin jini, tiyata wadda ta macen a wurare da dama ta haura fam ɗari ita kaɗai, abinci da yashin kashi na makonni ko watanni. Kuɗin da ka bayar da wuya ya rufe wannan. Balle a ce an kawo wadda mota ta buge, ko cuta ta ɓarke a cikin kejin, akwai wata muguwar cuta ta amai da gudawa dangin wadda ke kashe 'yan kwikwiyo, ƙwayarta na iya yin shekara a wuri bata mutu ba, in ta shiga dole a rufe ƙofa ba shiga ba fita na makonni, kuɗi na fita ba ya shigowa.

Kuma basa bayarwa haka kawai. Sai sun tambaye ka gidanka ne ko haya, akwai babban titi kusa, akwai yara, wani lokaci har su zo su duba, wallahi kamar masu binciken aure. Wannan yana rage dawo da mage bayan sati biyu, amma yana rage saurin fita, ni dai inaga wasunsu suna wuce gona da iri har su kori mutanen kirki.

Masu cewa a bari ya rufe

Ba kowa ke goyon baya ba, kuma ba duk masu sukar bane marasa tausayi. Na farko sune masu cewa mutum ya fi dabba, a garin da ake layin karɓar abincin sadaka ya za a yi a tara wa mage kuɗi. Wannan maganar tana da nauyi, musamman a wurinmu da muka san abin da ake ciki a gida, kuma ni ba zan ce wa kowa ya hana ɗan uwansa ya ba mage ba. Sai dai addinin da muke bi bai sa abin a matsayin ko wannan ko wancan ba. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda magen da ta ɗaure, bata ciyar da ita ba bata kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, yana cikin Bukhari da Muslim, yaran Islamiyya ma sun haddace shi. Haka hadisin da ke cewa akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Mu da muke kiran babban sahabi da Abu Huraira, wato mai 'yar kyanwa, bai kamata a ce mu ne kan gaba wajen dariyar ba.

Na biyu masu kare tsuntsaye. Mage mafarauciya ce, wani bincike a Amurka a 2013 ya ƙiyasta tana kashe tsuntsaye tsakanin biliyan 1.3 zuwa 4 duk shekara a can, mafi yawa kuma marasa masu su ne ke yi. A Ostareliya gwamnati ma kashe na daji take yi, a 2015 ta sa burin kashe miliyan biyu. Su waɗannan suna adawa ne da mayar da muzuru waje bayan an yi masa aiki. Amma in ka duba da kyau rufe gidan ceto ba ya taimakonsu, don shine ke rage haihuwar.

Na uku kuma, wanda masu son maguna basa son a faɗa, wasu gidajen sun cancanci rufewa. A Ingila ba a buƙatar lasin kafin ka buɗe gidan ceton dabbobi, kowa na iya buɗe shafi a Facebook gobe ya fara karɓar maguna da kuɗin jama'a. Sukotlan ta gyara nata tun Satumban 2021, can sai da lasin. Sakamakon haka ake samun mai kyakkyawar niyya da bata iya cewa a'a, ta tara abin da ya fi ƙarfinta, keji kan keji, ba magani ba tsafta, har sai an zo an kwashe. Toh ku sake karanta hadisin can, matar ai ba jefar da magen tayi ba, tsare ta tayi ta kasa ciyarwa. Dan haka kafin ka ba da ko fam ɗaya duba ko suna da rajista da hukumar ƙungiyoyin agaji, wadda doka tace duk ƙungiyar da ke samun sama da fam 5,000 a shekara sai ta yi, kuma lissafin kuɗinsu yana intanet kowa na iya gani.

Abin da ya faru a Rum

Wani lokacin ba kuɗi bane matsalar, wuri ne. A tsakiyar birnin Rum akwai wani kango mai suna Largo di Torre Argentina, inda aka kashe Julius Kaisar a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa. Tun da aka tono wurin a ƙarshen shekarun 1920 maguna suka mamaye shi, mata masu ciyar da magunan titi suna kai musu abinci, har a 1993 wasu mata biyu, Lia Dequel da Silvia Viviani, suka mayar da wani lungu a ƙarƙashin titi ya zama gidan ceto sosai. Dokar Italiya ta 1991 ta hana kashe magunan titi, saboda haka su magunan ba mai taɓa su. Amma a 2012 hukumar kula da kayan tarihi tace gidan ya tashi, don an yi shi ba izini a kan tsohon gini kuma ba tsafta. Aka tara sa hannun dubun dubatar mutane, jaridun duniya suka ɗauka, magajin garin na lokacin Gianni Alemanno ya fito ya goyi bayansu, maganar ta mutu. Yau gidan yana nan, har an buɗe kangon ga 'yan yawon buɗe ido a 2023 maguna na kwance a kan duwatsun.

Sai dai kar wannan ya ruɗi kowa. Su suna da Kaisar, suna da baƙi daga ko'ina a duniya masu ɗaukar hoto. Ƙaramin gida a bayan gari wanda mai filin ya ba su notis don zai sayar wa masu gina gidaje, ba jaridar da zata zo.

Me ke riƙe irin wannan gida

Roƙon gaggawa irin na takardar can yana aiki, amma sau ɗaya ne ko biyu. Mutane zasu ga mage mai ido ɗaya su tausaya su tura, a biya bashin likita, bayan wata shida a dawo gidan jiya, na uku kuwa kowa ya gaji. Abin da mai kula da wurin ta gaya min shine ta fi son mutum ɗari masu ba da fam biyar duk wata a kan mutum ɗaya da zai ba da dunƙule ya ɓace, don da na wata-wata ne take iya sanin mage nawa zata karɓa. Akwai kuma tsarin da in kai mai biyan haraji ne ka cike fom, gwamnati zata ƙara musu fam ɗaya a kan kowane fam huɗu da ka bayar, da yawan ƙananan gidajen suna asarar wannan don kawai ba mai zama yayi musu aikin takarda. Manyan kuwa kaso mai tsoka na kuɗinsu daga wasiyya yake fitowa.

Wannan ma ba sabon abu bane a wurin Musulmi. Sarki Baibars da ya mulki Masar daga 1260 zuwa 1277 ya bar wani lambu a matsayin waƙafi don a dinga ciyar da magunan Alƙahira da abin da ya fito daga cikinsa, kuma har ƙarni na 19 ana kawo musu nama a harabar kotun alƙali duk la'asar. Mutumin ya gane cewa ciki kullum yake buƙata, shi ya sa bai raba kuɗi ba ya bar gona.

Bayan kuɗi sai rage masu shigowa. Aikin hana haihuwa tun mage na wata huɗu, da taimaka wa talaka ya riƙe tasa maimakon ya kawo, don buhun abinci na wata ɗaya ya fi keji arha nesa ba kusa ba, shi ya sa yanzu ake da rumbunan abincin dabbobi na sadaka, ga kuma ƙungiyar agaji ta PDSA da tun 1917 take duba dabbobin marasa ƙarfi. Sabuwar dokar 'yan haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025 ita ma zata iya rage wani abu, tunda ta ba ɗan haya damar neman izinin ajiye dabba kuma mai gida ba zai ƙi ba sai da dalili.

Sai abin da ba a cika faɗa ba, magaji. Gidaje da yawa mutum ɗaya ne komai, ita ce mai tuƙa mota, ita ke ɗaga waya ƙarfe biyun dare, lambar akawun a kanta take. Ranar da gwiwa ta gaza ko ta kwanta asibiti shikenan, ko da kuɗi a banki.

In an rufe wa zai ji a jika

Mai kuɗi ba ruwansa, yana da inshora, yana da likitansa. Wanda zai ji shine tsohon da za a kai gidan kula da tsofaffi yana kuka don bai san inda magensa zata ba, da matar da ke son ta gudu daga mijin da ke dukanta amma ta tsaya saboda ya ce zai kashe magen, wannan yana faruwa har ƙungiyoyi sun buɗe shirin riƙo na musamman saboda shi, da ɗan hayar da aka kora ya samu ɗaki inda aka ce ba dabba. Magunan da ke ciki za a raba wa gidajen maƙwabtan garuruwa waɗanda su ma alluna nasu a cike suke, wanda ya rage a titi kuma ya cigaba da haihuwa, bayan shekara biyu unguwa ta fara ƙorafin kashi a lambu da kukan muzurai cikin dare, a kira kansul, kansul ta ba da lambar gidan da ya riga ya rufe.

Ga 'yan uwa da ke zaune a Ingila kuma suna da mage a gida saboda yara, wata magana da na lura da yawa basu sani ba. Tun 10 ga Yunin 2024 wajibi ne a sa wa kowace mage wata 'yar na'ura mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya kafin ta kai sati 20, tana ɗauke da lamba da ke nuna mai ita, in ta ɓata aka tsince ta sai a kira ka maimakon ta je ta tare keji. In aka same ka baka sa ba za a ba ka kwana 21, in ka wuce tara ce har fam 500. Da na faɗi haka a gurup Baba Alhaji ne ya fara kirana, ashe jikokinsa suna da guda biyu, mace da namiji, kuma ba a yi wa ko ɗaya aiki ba.